Markella da Ruwan Kamini

Tawul ne ya fara tona asirin. Na same shi a rumfar da nake ajiye kayan aiki, an naɗe shi an cusa bayan buhunan farar ƙasa, inda ba wanda zai ajiye tawul da zuciya ɗaya. Ya bushe ya yi tauri kamar fata. Na shinshina, sannan na ɗora harshe a gefensa. Gishiri.

'Yata Markella tana da farfaɗiya. Tun tana 'yar makaranta ta fara faɗuwa, kuma a gabana likita ya faɗi dokokinsa: magani kullum, teku kuwa a'a. In ta faɗi a tsakar gida, sai dai ta fasa leɓe. In abin ya zo mata cikin ruwa, ko tarinta ba wanda zai ji. Da wannan magana nake kwana, da ita nake tashi. Yanzu ta girma, tana karatu a Atina, babban birni, ta jima rabon da ta faɗi, kuma ta zo mana hutun bazara. Amma ni ban taɓa jin cewa ciwo yana aiko da sanarwa kafin ya dawo ba.

Da ba farkon Agusta ba ne, da ban ga komai ba. Kwanakin Drimes muke ciki, waɗanda tsofaffinmu ke tsoron ruwa a cikinsu, kuma a kwanakin nan mahaifiyata ba ta yarda a wanke ko hankici a gidanmu, wai duk tufar da ta taɓa ruwa sai ta ɓuɓɓule. Har injin wanki take rufewa da mayafi. Wanda ya jiƙa tawul ɗin nan ya rasa yadda zai wanke shi, shi ya sa ya ɓoye.

Na ɗauke shi na shiga kicin. Matata Argiro tana cusa shinkafa cikin tumatir, don azumin Maryamu ya kama, ba nama a gidan.

"Argiro, tawul ɗin wa ne wannan?"

Ko ɗagowa ba ta yi ba. "Naka."

"Nawa ne yake da gishiri haka?"

"Guminka ne mana. Ka taɓa lasar wuyanka in ka dawo daga gona?"

"Ban taɓa goge jiki da tawul mai furanni ba."

"To yau ka fara. Miƙo min man zaitun."

Na miƙa mata. Na tsaya ina kallon ƙeyarta. Na san Argiro: in ba ta san abu ba, tambayoyi take yi har ka gaji. Wannan karon ko ɗaya ba ta yi ba.

"Ina yarinyar nan take zuwa da rana tsaka?"

"Gidan su ƙawarta Despina. Karatu suke yi. Sideris, ka je ka wanke hannu, kana ɗiga min ƙaro a ƙasa."

Aikina tara ƙaron bishiyar mastika ne. Tun duhun asuba nake ƙarƙashin bishiyoyi, ina tsaga ɓawo don ƙaron ya zubo kan farar ƙasar da na shimfiɗa. Kafin rana ta take, gwiwoyina sun gama. In na ci abinci sai barci, kamar kowa a ƙauyen. A wannan lokacin ne, da tituna suka mutu, nake jin babur ɗin Markella ya tashi.

Ranar muna cin abinci ta sunkuya ɗaukar cokalin da ya faɗi, sai wani zare ya sulluɓo daga wuyan rigarta. A ƙarshensa ƙusa ce, tsohuwa, ta yi tsatsa. Ta yi maza ta mayar. Ta ɗago ta yi min murmushi.

"Baba, ƙara maka tumatir?"

"Na ƙoshi."

A tsibirinmu ko yaro ya san mai rataya ƙusa a kwanakin Drimes: wanda zai shiga teku ne, ƙarfen ya kare shi daga abin da ke cikin ruwa a kwanakin. Kuma Markella, mai dariyar duk wani camfi, ba za ta je ta nemo ƙusa da kanta ba. Wani ne ya rataya mata.

Na sami mahaifiyata a ƙofar gida kan kujerarta, tana ɓare ɓaure.

"Mama, ke kika ba yarinyar nan ƙusa?"

"Me ka ce? Ɗaga murya."

Kunnen mahaifiyata yana jin buɗe kwalbar giya daga bayan ƙofa biyu. Na maimaita duk da haka.

"Ƙusa?" in ji ta. "Gidan nan cike yake da ƙusoshi. Da su aka kafa ƙofar da kake jingina."

"Mai shiga teku ne kaɗai ke rataya ta."

"Kai da ba ka taɓa shiga ba, wa ya gaya maka?"

"Mama, takwararki ce fa. Kin san abin da ke jikinta."

"Na san takwarata sarai. Ungo ɓaure, ka daina tsaya min a kai kamar ɗan sanda."

Gaskiyarta a abu ɗaya: ban iya ruwa ba. Ƙauyenmu a cikin tudu yake, kakanninmu sun gina shi sun juya wa teku baya saboda 'yan fashin jiragen ruwa, mu kuma muka taso haka. Ubana ya mutu bai taɓa jiƙa cinyarsa ba. Argiro ce 'yar masunta, daga bakin ruwa na auro ta, amma tun da ciwon Markella ya bayyana na ce ba mai zuwa teku a gidan nan, don kada yarinyar ta ga ana yi ta yi sha'awa.

Da yamma na biya shagon gahawa. Uban Despina yana wurin yana buga kati. Na tambaye shi, kamar ba komai, yadda karatun yaran yake tafiya.

"Wane karatu? Despina tana can wani otal tana aiki tun watan jiya. Sai bayan sallar Maryamu za mu gan ta."

Na sha gahawar ban ji ɗanɗanonta ba. Da na koma gida na duba babur ɗin. A kwandon gaba akwai wani ɗan dutse mai sulɓi, ruwan toka, da farin zane ya kewaye shi kamar ɗamara. Irin wannan dutse a wuri ɗaya yake a duk yankinmu: Kamini. Gaɓa ce ƙarama tsakanin manyan duwatsu, ba hanyar mota, ba rumfa, ba mai sayar da ko ruwan sha. Waya ma ba ta kamawa. In mutum yana neman wurin da zai nutse ba wanda ya gani, ba zai sami wanda ya fi nan ba.

Ban ce wa kowa komai ba. Na lura duk wadda na tambaya a gidan nan, amsarta a shirye take tun kafin in rufe baki.

Washegari bayan abinci na kwanta na juya fuska bango, ina jan numfashi kamar mai barci. Argiro ta leƙo.

"Sideris? Zan je coci, muna sharar salla."

Na ci gaba da jan numfashi. Ta tsaya jim, ta fita. Can an ɗan jima na ji babur. Na tashi na zura takalman aiki, na jira ƙarar ta ɓace, sannan na shiga a-kori-kurata.

Na sami babur ɗin inda hanya ta ƙare, a ƙarƙashin wani zaitun na daji. Injin da sauran zafi. Na zagaya shi, sai na ga matakan ƙafa na baya a buɗe. Markella kullum a naɗe take barin su. Wani ta goyo.

Na tsaya a nan da zufa tana shiga min ido. Ashe saurayi ne. Wane ne? Ɗan wa? Ko cikin baƙin nan ne masu zuwa da jaka a baya su tafi bayan mako? Jinina ya hau. Amma ina cikin gangarawa ta turbar awaki, ƙaya tana kama min wando, sai na ji bakina yana addu'ar da ban taɓa zaton zan yi ba: Allah ya sa saurayin ne, Allah ya sa ƙato ne, Allah ya sa ya iya ruwa.

Turbar ta ƙare a bayan wani dutse. Na laɓe na leƙa.

Kamini tana nan yadda na san ta. Duwatsu masu sulɓi tun daga gindin tsauni har cikin ruwa, zafinsu yana hudowa ta tafin takalmi. Ba iska. Ba abin da ake ji sai ruwa in ya ja da baya, yana tafiya da ƙananan duwatsun suna ƙara kamar ana tauna. A tsakiyar gaɓar ga rigar Markella a ninke, an danne da dutse, ga takalmanta. Takalman mutum ɗaya. Na duba dama, na duba hagu. Ba kowa.

Tana cikin ruwa, kusa da wani babban dutse da ya fito a tsakiyar mashigin ruwan. Kanta kawai nake gani da hannuwa suna shiga suna fita. Ban san ta iya haka ba. Wa ya koya mata? Yaushe? Na danne kaina na ce bari in ga wanda zai ɓullo, don in na fito yanzu, gobe wata gaɓar za su canza, kuma ba zan sake samun dutse a kwando ba.

Ba wanda ya ɓullo.

Sai ta daina iyo. Ta juya rigingine, hannuwa a baje, ƙafafu a miƙe, fuska sama. Ta daina motsi gaba ɗaya.

Na taɓa ganin ta haka, a ƙasan kicin, bayan jijjigar ta wuce.

"Markella!"

Tsaunin ya dawo min da muryata. Ita ko gezau.

"Markella! 'Yata!"

Ban san lokacin da na tsallake gaɓar ba. Duwatsu suna zamewa ƙarƙashina, na faɗi na tashi, na faɗa ruwa da takalma da hula da komai. Ruwa ya kai gwiwa, ya kai ƙugu. Na ƙara taku, sai na ji ba ƙasa. Haka Kamini take, ashe, gangare ne kamar bakin rijiya.

Takalman suka ja ni. Na buɗe baki in kira ta, teku ya shiga. Na ga haske kore a sama, na kai hannu ban kama komai ba. Abin da ke raina kawai shi ne tana can tana nutsewa, ni kuma ga ni nan ko rabin hanya ban kai ba.

Wani hannu ya damƙi gashina, wani ya shiga ƙarƙashin haɓata. Kaina ya fito.

"Daina duka, jakin tudu! Daina duka ko in kwaɗa maka!"

Na san muryar. Na daina.

Su biyu suka ja ni har kan duwatsu. Na durƙusa ina amayar da ruwa da tumatir ɗin rana. Da idona ya washe, na ga Markella a durƙushe gabana, lafiyarta ƙalau, fuskarta ta yi fari fat, ƙusar tana lilo a wuyanta. A gefenta Argiro ce tsaye tana haki, cikin baƙar rigar iyo da na ɗauka ta jefar tun da daɗewa. Ita ma da ƙusa a wuya.

"Wannan ce cocin?" na ce, da na samu murya.

"Ita ce. Ga shi har an yi maka baftisma."

Na kama fuskar Markella da hannu biyu, na duba idanunta, na duba harshenta ko ta cije.

"Baba, ba abin da ya same ni. Hutawa nake."

"Hutawa? A kan ruwa?"

"Kowa yana yi. In ka kwanta ruwan yana ɗauke ka."

"Na kira ki har sau nawa!"

"Kunnuwana suna cikin ruwa. Ba a ji."

Ban yarda ba. Na ga itace yana yawo a kan ruwa, na ga mataccen kifi. Mutum mai rai kuwa, ni dai yanzu na gwada, ƙasa yake yi.

Na juya kan Argiro. "Ke kuma ina kike? Na duba ko'ina ban gan ki ba."

"Ina bayan dutsen can. Kayana ma suna can inuwa."

"Bayan dutse. Kina ganin ta daga bayan dutse?"

"Na iso gare ka kafin ka shanye tekun, ko ban iso ba?"

"Ni na yi ihu. Ita in abin ya zo mata ba ta ihu. Kina ganin ta, ko ba kya gani?"

Argiro ta waiwaya. Ta dubi dutsen, ta dubi 'yarta. Ta zauna a kan duwatsun da zafinsu.

"Ɗan zagayawa kawai na yi," in ji ta, murya ƙasa-ƙasa.

Ruwa yana ta taunar duwatsunsa.

Markella ce ta fara magana. "Baba, likitana na Atina ya ce zan iya iyo, muddin akwai wanda ya iya ruwa kusa da ni. Mun faɗa maka ranar bikin Ista."

"Ba ku faɗa ba."

"Mun fara faɗa. Da ka ji kalmar teku ka tashi ka bar naman a faranti."

"Wane likita ne ma wannan? Shekarunsa nawa? Yana da 'ya'ya?"

"Ka ji ko?" in ji Argiro. "Yanzu zai ce a kawo masa takardar haihuwar likita."

"Kuma har da tsohuwa kuka haɗa baki," na ce.

"Kaka cewa ta yi ba za ta hana ni ba, amma ba zan fita ba ƙusa ba," in ji Markella. Ta share ruwan fuskarta. "Baba, saurara. A Atina ina zuwa wurin iyo, akwai masu tsaro, a can na koya. A tsibiri aka haife ni, kuma sai da na je birni na san yadda ruwa yake a jiki. Ba zan daina ba. In ka ce a nan ba zan shiga ba, to zan riƙa yin hutuna a can. Ba barazana nake maka ba. Na gaji da ɓoye tawul ne."

Na dube ta ko zan ga alamar wasa. Babu. Haɓarta irin ta kakarta ce in ta kafe.

Na lissafa abin a raina. In na hana, za ta yi a inda idona ba ya kaiwa, tare da mutanen da ban san iyayensu ba. In na bari, zuciyata za ta riƙa tsayawa kullum da rana tsaka. Ba wanda ya yi min daɗi a ciki.

"Ba za ki wuce dutsen can ba," na ce.

"To."

"Uwarki tana gefenki, inda hannunta zai taɓa ki. Ba gaba, ba baya, ba zagayawa."

"Na ji," in ji Argiro. Wannan karon ba ta ƙara komai a kai ba.

"Ranar da kika yi kwanan zaune, ko kika makara da magani, ba ruwa."

"Wannan likitan ma ya faɗa."

"Kuma ni ma zan riƙa zuwa. Ina nan zaune ina kallo."

Markella ta dubi uwarta. "Ka zauna ka yi me, Baba? In ka ga na kwanta ka sake faɗowa da takalma? Mama ba za ta iya tsaron mutum biyu ba."

"Zan cire takalman."

"Tashi," in ji Argiro. "Tunda ka riga ka jiƙe. Cire rigar."

"Me za a yi?"

"Za ka kwanta a kan ruwa, ka gani da jikinka. In ba haka ba, kullum sai mun tsamo ka."

"A kwanakin Drimes? Ba ni da ƙusa."

"Takalmanka cike suke da su, kuma ka ga taimakon da suka yi maka. Zo."

Na ce a'a har na gaji. A ƙarshe na shiga, iya ƙugu, ina dafa ƙasa da yatsun ƙafa don in ji inda gangaren ya fara. Markella ta tsaya kusa da uwarta, inda na ce. Argiro ta sa tafukanta biyu a bayana.

"Kwanta. Saki wuyan. Sideris, wuya na ce, ka sandare kamar ƙofa."

"Kada ki sake ni."

"Ba zan sake ka ba."

"Rantse."

"Na rantse da Maryamu. Ɗaga cikin."

"Ɗazu ma da coci kika yi min ƙarya."

"Baba, ja numfashi ka riƙe," in ji Markella tana dariya.

Na kwanta. Ruwa ya rufe min kunnuwa, muryoyinsu suka tafi, sai ƙarar duwatsu a ƙasa. Sama ta yi fari. Ƙafafuna suka taso da kansu, ban sa su ba. Na karkata ido don in tabbatar Markella tana nan, na gan ta, kanta a sama, tana kallona. Na karkata ɗaya gefen.

Argiro tana tsaye tana ɗaure gashinta da hannu biyu.

"Argiro," na ce, ban motsa ko yatsa ba. "Wa ke riƙe da ni?"

Na ga bakinta yana motsi, amma ban ji amsar ba.